Filifar Hajiya Luba

A duk benen da Maman Lawali yake zaune a unguwar Waziriyya ta Jidda babu wanda ya taɓa ganin ya gyara ko da tocila, amma kowa Muhandis yake kiransa, wato injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya yi ta maimaita shi har mutane suka gaji suka karɓa. Mutumin Damagaram ne, dogo mai faɗin kafaɗa, kuma aikinsa na gaskiya shi ne ɗaukar kafet a wani shago a Balad, tsohon garin Jidda. Sai dai idan an zauna hira da yamma a gaban tukubar abokinsa Mahamat, ɗan Chadin da ke gasa tsire a ƙasan benen, yakan ce ɗaukar kafet motsa jiki ne kawai, sana'arsa ta ainihi injuna ce. Ya taɓa tayar da injin niƙa da allura a Tanut. Ya taɓa jin ƙarar jirgin sama yana wucewa ta saman Agadas, ya gane noti ɗaya ya kwance, ya aika aka gaya wa matuƙin. Mahamat yakan ci gaba da juya tsirensa, in ya gaji ya tambaye shi yaushe zai duba masa fankar da ya karɓa tun kafin azumi. Maman Lawali sai ya ce fanka ba ajinsa ba ce.

Ana nan sai kafilinsa, ubangidan da yake zaune a ƙasar da sunansa, ya ce zai rufe shagon ya koma Madina wajen 'ya'yansa. Ya ce wa Maman Lawali ya nemi wanda zai karɓi kafalarsa kafin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, in ba haka ba sai dai ya tattara ya koma gida. Hankalin matarsa Hadjara ya tashi, domin zamanta a kan nasa yake rataye, ga shi ta fara samun masu sayen masa da zoɓon da take yi. Shi kuwa cewa ya yi kamfanoni za su yi layi a kansa, abin da ke damunsa kawai shi ne wanda zai zaɓa kada sauran su ji haushi. Kwanaki suka yi ta tafiya, layin bai bayyana ba.

Wata safiya Hadjara ta aike shi da kular masa gidan Hajiya Luba a Balad. Hajiya Luba tsohuwa ce haifaffiyar Jidda, kakanta ne ya zo hajji a ƙafa daga Katsina bai koma ba. Hausarta rabi Larabci ce, amma in faɗa za ta yi da Hausa zalla take yi. Jikarta Shahad, wadda ta gama jami'a, tana shirin buɗe gahawa, wato wurin shan kofi, a ƙasan tsohon gidansu, irin wadda ake ƙawatawa da kayan zamanin da saboda masu zuwa kallon tsohon gari. An jera tsofaffin rediyo da butocin tagulla, a kusurwa kuma an yaye tamfol daga kan wani abu mai ƙafa huɗu.

Akwati ne dogo kamar gadon mutum ɗaya, a ɗan gangare, an rufe samansa da gilashi. A ciki akwai fitilu da 'yan turaku masu roba, da ƙananan sanduna biyu a ƙasa da ake motsawa da maɓalli don buge ƙwallon ƙarfe kada ya faɗa rami. A kansa wani akwatin ne a tsaye, da lambobi masu juyawa da gilashi mai zanen jirgin ruwa da kyaftin mai farin gemu yana riƙe da sitiyari. Na marigayi mijin Hajiya Luba ne. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya sayar masa tun yana da gahawa kusa da tashar jirage, Hajiya tana amarya. Tun da ya rasu ba a sake kunna abin ba, da aka gwada kwanan nan kuma ko tari bai yi ba. Shahad ta sami mai gyaran irinsa a Riyad, amma ya ce ba zai samu zuwa ba sai bayan an buɗe gahawar.

Maman Lawali ya ajiye kular, ya zagaya akwatin, ya ƙwanƙwasa gefensa ya kasa kunne kamar mai sayen kankana.

"Ai filifa ce," in ji shi. "Allah sarki. Na ɗauka sun ƙare a duniya."

Sunan dai gaskiya ne, domin ya taɓa hango irinta sau ɗaya ta ƙofar wani otal a Yamai kafin mai gadi ya kore shi. Amma abin da ya gaya wa Hajiya Luba shi ne a hannunsa filifofin Yamai suka girma, kuma har yau in ɗaya ta yi ciwo Faransawa sunansa suke kira. Shahad, wadda take jin Hausa amma ba ta iya mayarwa sosai, ta tambaye shi da Larabci wane ɓangare ne ya fi lalacewa a irin wannan inji. Ya ce duka, shi ya sa ba a ba wa yara.

Hajiya Luba ta riga ta ji maganar iƙamarsa daga bakin Hadjara. Ta dube shi ta saman tabarau ta daɗe.

"Tayyib, ya waladi. In ka tashe ta kafin ranar buɗewa, zan sa ɗana Othman ya karɓi kafalarka, dama gahawar tana buƙatar mai kula da wuta. Amma ka ji ni da kyau. A kayan mijina wannan ce kaɗai ta rage mini."

Ya dafa ƙirji ya ce ta sa a ranta an gama.

Da ya kai wa Hadjara labari, ta ajiye ludayin da ke hannunta ta zauna a bakin gado.

"Malam," ta ce, "ƙwan fitilar banɗakin nan ni na sa shi. Kai kujera ka riƙe mini."

Ya ce ai riƙe kujerar shi ne aikin da ke buƙatar ilimi, in kujera ta goce ina mai sa ƙwan.

Ranar Juma'a da hantsi ya ɗauko filifar a bayan dabbab, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya. Direban ya nuna masa cewa ƙafafun da akwatin saman duk da noti aka ɗaure su, a kwance su a hau da su ɗaiɗai. Maman Lawali ya ce in aka raba kan inji da jikinsa mantuwa yake yi. Suka kinkime ta sukutum shi da Mahamat da direban, suka nufi ɗakinsa da ke can ƙarshen bene. A kwanar matakala ta biyu ta maƙale. Suka tura ta ƙi gaba, suka ja ta ƙi baya. Direban ya ce yana da wani lodi, ya sulale ta ƙarƙashinta ya tafi.

Aka yi kiran sallar Juma'a tana nan a gicciye. Duk mazan da ke saman bene sai da suka durƙusa suka bi ta tsakanin ƙafafunta da rarrafe, da fararen jallabiyoyinsu da turarensu, kowa ya fito ta ɗaya gefen yana kaɗe gwiwa yana yi wa Muhandis kallon da ba na Juma'a ba. Ousmane tela, mutumin Maradi mai tumbi, shi ne na ƙarshe. Ya shiga har ƙugu ya tsaya. Mahamat ya kama hannayensa yana ja, matar Ousmane tana turo shi ta baya tana salati. Da ya yunƙura da ƙarfi sai ya ɗaga filifar da gadon bayansa, ta kuɓuce daga kwanar, gilashin samanta ya daki ƙarfen matakala ya tarwatse. Ƙwallon ƙarfen ya fito yana tsalle daga matakala zuwa matakala, ya fice ƙofa, ya faɗa magudanar ruwa.

Maman Lawali ya ce dama gilashin ne ya hana injin shan iska, kuma ya gode wa Ousmane da ya rage masa aiki. Ousmane bai sami huɗuba ba, kuma bai amsa gaisuwarsa ba har mako ya zagayo.

Aka shigar da ita tsakiyar ɗaki, aka jingine katifa da bango don ta samu wuri. Da Maman Lawali ya ɗaga allon wasan ya leƙa cikinta, sai ya sosa ƙeya. Wayoyi ne cunkus masu launi iri-iri kamar taliya, da ɗaruruwan siraran ƙarafa bibbiyu masu kama da ganyen albasa, waɗansu a haɗe, waɗansu da ɗan fili a tsakaninsu. Mahamat da ya hawo kallo ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, gaisawa suke yi.

Washegari ya gano cutar. Ya ce Turawan da suka ƙera ta ranar tashi daga aiki suka haɗa ta, suna sauri, shi ya sa suka bar rabin ƙarafan a buɗe. Ta yaya kuran, wato wutar lantarki, zai tsallake fili? Ya ari filayar mai gadin bene, ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsewa har kowane ya rungumi ɗan'uwansa. Ya tarar da wani ƙarfe mai kamar ƙwan zabuwa yana lilo a jikin waya, wanda aikinsa shi ne kashe injin in an girgiza shi fiye da kima. Ya datse shi, ya ce shi ke sa mata jiri. Robobin da suka bushe ya maye gurbinsu da robar ɗaure gashin Hadjara. Sifirin ɗin sandar harba ƙwallo ya ga ya yi laushi, ya samo na jikin babur ya cusa. Ƙwallo kuwa, ya je wurin masu gyaran manyan motoci ya samo na cikin boris, wanda ya fi na asalin girma da nauyi. Ya ce inji mai shekaru irin nata ƙwallo mai mutunci ya kamace shi.

Sai maganar mai. Ya ce duk abin da ke motsi mai yake so, kuma man inji na zamani ruwa ne. Ya sauka ya karɓo man gyaɗan da Mahamat yake shafa wa tsire, da sauran yajinsa da komai, ya bi kowane lungu da buroshin haƙori. Kafin gari ya waye tururuwa sun yi hanya daga taga har cikin filifar, wata hanyar kuma ta ratsa ta kan katifa. Hadjara ta kwana tana susa. Da ta yi magana ya ce alama ce mai kyau, tururuwa ba sa bin mataccen abu.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne kyaftin. Ya ga gilashin zanen ya yi ƙura, ya zaro shi ya kai banɗaki ya goga masa omo da soso ta baya, inda fentin yake. Yana cikin waƙa ya duba ƙasa ya ga farin gemu yana bin ruwa yana shiga rariya. Kafin ya kashe famfo fuskar kyaftin ta tafi gaba ɗaya, sai hula a sama da kwala a ƙasa, tsakaninsu kana hango tayil ɗin banɗaki.

Bai gaya wa kowa ba. Ya samo ragowar fentin ƙofa ruwan ƙasa a wurin mai gadi, ya zana sabuwar fuska, ya bar ramuka biyu na idanu. Da Mahamat ya gani ya ce rago ne. Ousmane, wanda fushinsa ya sauka saboda son kallo, ya ce a'a, kafilinsa ne na farko, har da karkatar bakin. Matan bene suka riƙa hawowa da sunan aron gishiri, su leƙa su sauka suna toshe baki da gyale. Maman Lawali ya ce zanen zamani ne, ba kowace ƙwaƙwalwa ke ɗauka ba.

Ranar gwaji ta faɗo tsakiyar zafin Jidda, irin wanda mutum ke fitowa daga wanka yana neman wani wankan. Kowane ɗaki mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ruri. Mahamat ya karanta wani ɗan rubutu a bayan filifar ya ce kamar ƙaramar wuta take sha, ba irin ta soket ɗin ɗakin ba. Maman Lawali ya ce mara lafiya abinci mai yawa ake ba shi. Ya jona. Aka ji tas, fis ɗin filifar ya ƙone. Ya ce fis ɗin raggo ne, ya zare shi ya sa ƙusa a gurbinsa, ya sake jonawa.

Wannan karon ƙarar daga ƙasan bene ta fito. Duk mukayyif ɗin gidan suka yi shiru lokaci ɗaya, har ana jin kukan kyanwa a titi. Sai aka fara buɗe ƙofofi. Keken ɗinkin Ousmane ya tsaya a tsakiyar wuyan rigar amarya. Wata maƙwabciya tana cikin niƙa, wata ta sa kaya a injin wanki, wani tsoho ya fito da kumfar aski a rabin fuska. Babu wanda ya tambayi abin da ya faru, kowa ya kama matakala ya nufi sama. Maman Lawali ya tare su a bakin ƙofa ya ce shi ma yanzu yake shirin sauka ya tambaya, yana zargin daga babban layin gari ne. Hayaƙin da ke fitowa ta ƙarƙashin hammatarsa daga cikin ɗakin ya ƙi goyon bayansa.

Sai bayan la'asar aka samu mai gyara ya dawo da wutar. Zoɓon da Hadjara ta cika firiza da shi ya yi ɗumi, naman Mahamat ya fara canza ra'ayi. Mai gadi ya hawo da kansa ya karɓe filayarsa, ya ce in aka sake jona wannan abu a gidan, ko da cajar waya ce, to shi da filifar da katifar duk a titi za su kwana. Halas.

Da suka rage su biyu Hadjara ta zauna kusa da shi ta yi masa magana a hankali. Ta ce ya je ya gaya wa Hajiya Luba gaskiya tun da sauran lokaci, tsohuwar tana da faɗa amma tana da tausayi, wataƙila mutumin Riyad ya iya ceto abin da ya rage. Ta ce ba kunyar bene take ji ba, tsoron komawa gida hannu biyu take yi. Maman Lawali ya riƙa gyaɗa kai har ta ɗauka maganar ta shiga. Sai ya ce ai tunda ta iya kashe wutar bene guda, ƙarfinta ya dawo ke nan, saura ladabi.

Shahad ta bugo waya ta ce kakarta tana son ganin bidiyo. Ya sa tocilar wayar Hadjara a cikin akwatin saman don a ga kamar fitilun sun kama, ya tsaya yadda kafaɗarsa za ta kare kyaftin, Mahamat kuma ya tsuguna a bayan labule yana buga cokali a jikin kofin shayi. Shahad ta aiko da alamar tafi. Mahamat ya ce Allah ya yafe masa, kuma ba zai je bikin ba. Da ranar ta zo shi ya riga kowa shiga mota, ya ce in bai gani da idonsa ba zai yi nadama har ya mutu.

A ranar buɗe gahawar aka sauko da filifar, wannan karon an kwance ƙafafunta, domin Ousmane ya tsaya a kwanar da almakashi a hannu. A gurbin gilashin sama Maman Lawali ya ja ledar naɗe abinci ya ɗame ta har tana ƙyalli. Ya lulluɓe komai da zanen gado, ya ce ba a buɗewa sai gaban jama'a. Ya sa babbar riga, ya ɗora hular kwano rawaya da ya aro, ya soke sukundireba a aljihun gaba.

Bayan la'asar gahawar ta cika. Dangin Hajiya Luba sun zo daga Makka, ga ƙawayen Shahad da wayoyinsu a sama, ga waɗansu baƙi masu yawon kallo da suka ji ƙamshin gahawa suka shigo. Othman, ɗan Hajiya, wanda shi zai sa hannu a kafalar, yana tsaye cikin farar jallabiya da guga ta kwanta a jikinta. Hadjara ta ajiye babbar tukunyar zoɓo a kan tebur ta koma can kusa da ƙofa, inda fita za ta yi sauƙi. Aka kawo wa Hajiya Luba kujera a gaba.

Maman Lawali ya yi jawabi da Larabcinsa na shagon kafet. Ya ce ya karɓi wannan inji gawa, ya yi masa abin da ko waɗanda suka ƙera shi ba su yi tunani ba. Wannan dai gaskiya ya faɗa. Ya yaye zanen gado, ya jona waya a tsohon soket ɗin bango.

Tsohon gidan ƙaramar wuta yake da ita, daidai wadda filifar take sha. Saboda haka ba ta kashe wutar kowa ba. Tashi ta yi.

Da yake ya matse kowane ƙarfe da ɗan'uwansa, duk abin da ke cikinta ya kama aiki lokaci guda. Turakun suka riƙa bugawa kamar ana daka a gidan biki. Sandunan biyu suka kama fiffika ba wanda ya taɓa maɓalli. Lambobin suka yi ta juyawa, kafin a ƙifta ido ta ci maki dubbai ita kaɗai. Fitilun bayan gilashi suka kama, jirgin ruwa ya haskaka da kyau, amma fentin ƙofa ba ya barin haske ya wuce, sai fuskar kyaftin ta zama baƙin dunƙule da idanu biyu jajaye suna ƙiftawa. Wata yarinya ta ce aljani, ta shige cikin abayar uwarta. Ga kuma girgiza. Abin da zai kashe ta in ta girgiza yana cikin kwandon shara a Waziriyya, don haka ta fara tafiya a kan tayil, a hankali, tana nufar layin dangin Makka. Suka ja kujerunsu baya. Ta biyo su.

"Ammu, waggif!" in ji Shahad. "Kashe shi, kashe!"

Ya ce ta kwantar da hankalinta, ɗumama jiki take yi, da ta ga ƙwallo za ta natsu. Ya bi ta da gudu-gudu, ya kama sandar harbawa da hannu biyu, ya ja sifirin ɗin babur har ƙarshe, ya saki.

Ƙwallon boris bai tsaya bin hanyar da aka zana masa ba. Ya fasa leda ya tashi sama, ya daki farantin tagulla da aka rataye a bango, ya dawo ya kwashe hular kwanon Maman Lawali, ya faɗa tsakiyar tukunyar zoɓo. Zoɓo ya yi tsalle ya sauka a ƙirjin Othman. Othman ya dubi farar jallabiyarsa ta yi ja tun daga wuya har ciki, ya dafe wurin, ya zauna a ƙasa ya fara kalmar shahada. Matarsa ta yi kansa tana kuka. Sai da ta ga guntun citta a aljihunsa ta sassauta.

A lokacin man gyaɗan ya yi zafi. Hayaƙi ya fara fitowa ta kowace kafa, gahawar ta ɗauki ƙamshin tsire, har ɗaya daga cikin baƙin ya ɗaga hannu ya tambayi ko ana sayarwa. Harshen wuta ya leƙo ta ramin ledar. Shahad ta tsallake Othman ta fizge wayar daga bango, Mahamat ya ciro tukunyar kashe gobara ya feshe filifar, da masar Hadjara, da rabin dangin Makka.

Kafin wutar lantarkin ta gama fita daga jikin filifar, can cikin akwatin wata ƙararrawa ta buga. Sauti ne siriri, mai tsabta, ya buga ya sake bugawa, ya daɗe yana yawo a ɗakin. Daga nan komai ya yi tsit.

Maman Lawali ya share farin gari daga gira, ya gyara murya, ya fara bayanin cewa kuran Balad tsoho ne, bai saba da aiki mai inganci ba. Hajiya Luba ta ɗaga hannu, ya yi shiru. Ba shi take kallo ba, filifar take kallo, kuma idonta ya kawo ruwa. Ta ce da wannan ƙararrawar take gane mijinta ya ci wasa, tana ɗaki a sama sai ta ji ta ta san yau zai hawo yana dariya. Ba ta yi zaton za ta sake jin ta ba.

Maman Lawali ya ga dama ta samu, ya ce ai a kan ƙararrawar ya fi ɓata lokaci.

Hajiya Luba ta juyo, kuma da Hausa zalla ta yi maganar.

"Nuna mini inda take."

Ya leƙa ta sama, ya leƙa ta gefe, ya durƙusa ya leƙa ta ƙasa. Ya nuna wani abu, Mahamat ya ce wannan makullin akwatin ne.

"Ba ka ma san tana ciki ba," in ji Hajiya Luba. "Ita kaɗai ce hannunka bai kai gare ta ba, ita kaɗai ce ta yi aiki."

Dariyar da mutane suke dannewa ta ƙwace. Har Othman da ke zaune a ƙasa cikin zoɓo sai da kafaɗunsa suka girgiza. Hadjara ba ta yi dariya ba. Ta ratso jama'a ta durƙusa gaban tsohuwar ta ba ta haƙuri, ta ce laifinta ne da ta sani ta yi shiru, kuma duk hukuncin da aka yanke sun karɓa.

Hajiya Luba ta ce filifar za ta jira mutumin Riyad, abin da ya iya cetowa ya ceto. Othman kuma zai karɓi kafalar. Othman ya buɗe baki, ta ce ya rufe ya je ya canza riga. Ta ce ba don Muhandis ta yi ba, don mai masa ta yi, kuma in aka sake shi a gari wani gidan zai ƙona, gara ya zauna inda idonta yake ganinsa. Aikinsa shi ne jera kujeru da shara da ɗaukar tire. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ke da waya a jikinsa ya haramta gare shi. Ko fitila yake son kunnawa, ya kira Shahad.

Haka kuwa aka yi. Har yau in ka shiga gahawar da yamma za ka gan shi tsaye a gindin makunnin fitila, hannayensa a baya, yana jiran Shahad ta gama da mai saye ta zo ta danna.

A gaban tukubar Mahamat kuwa, da Ousmane ya tambaye shi ko gaskiya ne an hana shi taɓa ko makunni, Maman Lawali ya ɗauki tsinken tsire ya ci a natse kafin ya amsa.

"Ousmane, ka taɓa ganin babban muhandis yana danna abu da hannunsa? Ni yanzu nuni kawai nake yi. Mai digiri ce take danna mini."